Sawun Da Ba Ya Kallon Ƙasa

Washegarin kasuwar Jega, da hantsi, Ɗanasabe na Jiga Makera ya sauka fadama zai ba albasarsa ruwa, sai ya tarar rijiyarsa ta koma cikin gonar ƙanensa Isa. Rijiya dai ba ta da ƙafa. Turakun simintin nan uku da aka kafa ranar rabon gadon ubansu su ne suka tashi, suka yi taku ashirin zuwa cikin gonar Ɗanasabe, suka jeru kamar can aka haife su. An kuma tattake masa fangali shida na albasar da ta kusa isa cira.

Kafin azahar gari ya gama yanke hukunci. Kowa ya san Isa ya sa gonarsa a kasuwa ta hannun wani dillali a Jega, kowa kuma ya san shi da wansa ba sa ga maciji tun ranar rabon gado. To wa zai ci riba in gona ta ƙara faɗi, in ba mai sayar da ita ba? 'Ya'yan Ɗanasabe suka fito da sanduna. Don kada jini ya zuba, 'yan sanda suka tafi da Isa Jega suka rufe, aka ce bayan kwana huɗu za a kai shi kotu. Maigari ne kaɗai kansa bai ɗau zafi ba. Ya sa aka kife ƙore a kan sawayen da aka gani cikin danshin fangali, ya hana kowa shiga, sannan ya aika Gumbin Kure a kira Buba Mai-Sawu.

Buba ya fara bin sawu tun shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato. Ya bi shanun sata har bakin gulbi, ya bi ɓarayin rumbu har ƙofar ɗakinsu, kuma ba a taɓa jin ya nuna mutum daga baya aka ce ba shi ba ne. Tsoho ne siriri, mai ƙarancin magana da yawan goro. Yakan ce baki ya iya ƙarya, ido ma ya iya, amma ƙafa ba wanda ya koya mata.

Bai ko sauka daga babur ba Kubura matar Isa ta durƙusa gabansa.

"Baba, Isa fuka garai," in ji ta. "Ko ɗakinai ba ya iya kwana sai an bar ƙofa buɗe. Wanga wuri da anka sa shi, su tara na ciki, taga guda kamar tafin hannu. In anka kai shi gidan kaso, gawa za a ba ni."

"Tashi, ɗiyata," in ji Buba. "Bari in ji mi ƙasa ta ce."

Ya ɗaga ƙoren ɗaya bayan ɗaya. Takalmin roba ne irin na masu ban-ruwa, wanda rabin mazan fadama suke da shi, don haka bai ce masa komai ba. Tafiyar ce ta tsayar da shi. Mutumin ya miƙe ɗoɗar ta tsakiyar fangali yana murƙushe albasa, alhali ga gaɓar fangali nan a bushe taku ɗaya daga gefensa. Ya faɗa cikin wata 'yar ƙaya da ko makaho zai kauce wa. Can sai ya tsaya cak, ya juya a wuri guda sau biyu kamar mai neman alƙibla, ya koma baya taku uku, ya gusa gefe, ya sake miƙewa. Sau uku ya yi wannan juyin, kuma a kowane wuri nan ya dawo ya kafa turke.

"Mahaukaci na?" in ji Maigari. "Ko mashayi?"

"Mahaukaci ba ya jera turaku haka, ranka shi daɗe. Wanga mutum hankalinai ɗaya. Amma ba ƙasa shika duba ba."

"To ina shika duba?"

Buba ya tauna goro, shi ma bai sani ba. Shekara talatin da ɗoriya yana wannan aiki, bai taɓa ganin mai lafiya ya yi irin wannan tafiya ba, kuma abin ya ba shi haushi.

Mata a bakin rijiyar gari suna ta raɗe-raɗin cewa Ɗanasabe ne da kansa ya matsar da turakun don ya ga ƙanensa a ɗaure. Buba ya sa aka kira shi fadama, ya yi masa tambayoyin da ba su da kai, yana kallon ƙafafunsa. Ɗanasabe yana ta kumfar baki yana rantsuwa sai Isa ya gane kurensa, amma duk wannan faɗan a kan gaɓa yake takawa. Da ya zo kan albasar da aka murƙushe sai ya tsuguna yana miƙar da ganyenta ɗaya-ɗaya, bai ma san yana yi ba. Buba ya sallame shi a ransa. Manomin albasa ko gaba yake yi da kai ba zai taka fangali ba, balle nasa.

A Jega aka bar Buba ya ga Isa ta tsakanin ƙarafa. Zafin ɗakin ya bugi fuskarsa tun daga nesa. Isa ya manne da ƙofa ya sa hanci a inda iska ke shigowa, ƙirjinsa yana ƙara kamar zuga-zugin maƙeri.

"Ni ko mai sayen ban taɓa gani ba, Baba," ya ce, yana yanke magana yana jan numfashi. "Sirajo dillali ya ce an sa gonata cikin waya. Wai wani mutumin Aliero da ke Legas ya gan ta daga bisa, ya ce shina so. Iyakar abin da na sani ke nan. Don Allah ka ce su buɗe ƙofar ko kaɗan."

Buba ya roƙi ɗan sandan da ke tsaro ya riƙa fito da shi baranda yana shan iska, ɗan sandan ya ce zai ƙoƙarta. Saura kwana uku.

A gidan ɗansa Tawfiq ya sauka. Tawfiq shi ne kaɗai ɗan Buba da ya yi boko har ya kai, yana da shagon kwamfuta kusa da tasha, kuma shi ne abin alfaharin tsohon duk da bai taɓa faɗa masa ba. Zulaiha matarsa ta kawo tuwon shinkafa da miyar kuka tana zolayar surukinta cewa ya rame don ba ya zuwa cin girkinta. Tawfiq ya yi loma biyu ya wanke hannu, ya ce kansa ke ciwo.

Da safe Buba ya nufi wurin Sirajo. Sirajo irin dillalan nan ne da za su sayar maka da inuwar bishiya ka tafi kana godiya. Ya jawo kujera, ya buɗe wayarsa, ya nuna masa taswira. Ga Jega, ga Aliero, ga Maiyama, duk an hango su daga sama, gonaki da filaye kowanne an zagaye shi da jan layi.

"Zamani ya canza, Baba. Mutum shina Legas, shi zauna bisa kujera shi zaɓi gona. Ka rubuta bakin titi, duk na bakin titi su fito. Ka rubuta rijiya, duk gonar da ke da rijiya ta fito. Alhajin nan rijiya ya rubuta, gonar Isa ta fito mai."

"Gonar Isa ba ta da rijiya."

"Ga ta nan cikin layi," in ji Sirajo, ya dangwala yatsa. Rijiyar Ɗanasabe ce kuwa, tana zaune lafiya lau cikin jan layin gonar Isa. "Mako mai zuwa ma Alhajin zai taho da ma'auni, mai awon gona, shi ga kayanai."

"In mutum ya tahi gona, ƙaƙa shika gane inda wanga layi ya bi?"

Abin nema ya samu, Sirajo ya miƙe zai nuna gwaninta. Ya ce wannan ɗigon shuɗi shi ne mutum, duk inda ya taka ɗigon zai bi shi. Ya fita filin bayan shago ya dunƙufar da kai a kan waya ya miƙe ɗoɗar. Bai ankara ba ya yi karo da ragon wani da aka ɗaure. Sai ya tsaya, ya juya a wuri guda sau biyu, ya ce kibiyar ce ta rikice, sai an juya take gane gabas. Ya koma baya taku uku, ya gusa gefe.

Buba bai kalli wayar ba, ƙasa ya kalla. Ga tafiyar fadama nan a rubuce cikin rairayi, ba abin da ya ragu. Farin ciki ya kama shi har ya ji goron bakinsa ya yi zaƙi. Amma murnar ba ta daɗe ba. Ƙafar daman Sirajo ja take yi, tun karayar da ya samu a babur aka ɗora masa a Aliero, kuma mai sawun fadama ƙafafunsa biyu lafiya suke. Ban da haka, wannan tumbin ba zai ɗauki turken siminti taku biyar ba.

"Kai ka zana layukkan?"

"Ni? Ina na iya! Ai ɗanka na, Tawfiq. Shi ka zana mani duka. Ba ya ko tahiya gona, daga shago shika yi, bisa hoto. Allah ya ba ka ɗa, Baba."

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Buba ya yi sallama da Sirajo bai san me ya ce masa ba.

Bai koma gidan ɗansa ba. Ya hau mota ya koma Jiga Makera, ya sauka fadama shi kaɗai da la'asar. Masu irin wannan waya sun yi yawa a Jega, haka ya riƙa gaya wa kansa a hanya, ko ɗan Ɗanasabe ma zai iya mallakar ta. Ya ɗaga ƙwaryar da ta rufe sawun da ya fi fita. Ƙafar hagu ce. Gabanta ya ɗan karkata ciki, dunduniyar ta ci ƙasa ta gefen waje. Tun ranar farko ya ga wannan, ya ji kamar ya san ta, ya kawar da kai. Yanzu sai ya taka danshin da ke gefen sawun da ƙafarsa ta hagu, ya ɗaga.

Kamar tagwaye. Haka ubansa yake takawa, haka shi yake takawa, kuma haka yaron da ya riƙe wa hannu ya koya wa tafiya a tsakar gida a Gumbin Kure ya taka tun ranar farko.

Ya zauna a kan gaɓa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban ɓarayi masu makami. Daga Jega har Maiyama babu mai karanta wannan sawun sai shi. In ya ce raɓa ta ɓata shi, an gama, ba mai musa masa. Tafin hannu ɗaya ya isa ya shafe shi. Ya miƙa hannun ma, sai ƙarar ƙirjin Isa ta dawo masa a kunne. In ya yi shiru ya kashe mutum, in ya yi magana ya ɗaure ɗansa. Gaba kura, baya sayaki. Ya mayar da ƙwaryar ya kife, ya daɗe a wurin har masu ban-ruwa suka fara tashi.

Washegari bayan sallar asuba ya koma Jega ya tsare Tawfiq a zauren gidansa. Bai yi masa tambaya ba, ya ce kawai, "Na ga ƙafarka."

Tawfiq ya sulale ya zauna a ƙasa. Maganar ta fito masa a guje kamar dama jira take yi. Hoton da ke cikin taswirar tsoho ne, an ɗauke shi tun kafin a raba gado, lokacin da wata 'yar hanya ta ratsa gonar ta bayan rijiya. Shi kuwa ya ɗauka hanyar ce iyaka, ya bi ta da jan layi yana zaune a shago. Sai da Alhajin ya ce zai zo da ma'auni ya je ya duba, ya ga abin da ya yi. Gyara taswirar na nufin ya gaya wa Sirajo da Alhaji da duk masu ba shi aiki cewa layukansa ba abin yarda ba ne. Sai ya ga gyara gonar ya fi sauƙi. Ya bari ranar kasuwa, fadama ba kowa, ya je.

"Ban yi zaton za a kama kowa ba, Baba, wallahi. Na ce in anka gama ciniki in san yadda zan yi." Ya kama ƙafar ubansa. "Kai kaɗai ka iya karanta shi. Ba su da shaida bisa Isa, kotu za ta sake shi. Ka yi shiru kawai. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Ka je ka ga Isa?"

Tawfiq ya saki ƙafar ubansa.

"Ni na gan shi," in ji Buba. "Ba ya kai kotu. Yau da hantsi Maigari zai tara mutane. Kai za ka kai ni. In ka tashi ka hwaɗi da bakinka, ka rage mani. In ba ka tashi ba, kada ka ce ban gaya ma ba."

Ƙofar gidan Maigari ta cika. An zo da Isa daga Jega, ɗan sanda yana riƙe da shi, ko kuwa a ce yana tallafe da shi, don leɓɓansa sun yi fari. Kubura tana tsugune nesa kaɗan da shi. Ga Ɗanasabe da 'ya'yansa, ga Sirajo yana share gumi yana gaya wa duk wanda ya kalle shi cewa shi dillali ne kawai. Tawfiq ya jingine babur ya tsaya can baya cikin samari.

Buba ya karɓi tsintsiya ya share wani wuri da hannunsa, ya yayyafa ruwa. Ya sa Isa ya taka, ya ce ba shi ba ne. Ya sa Ɗanasabe ya taka, ya ce ba shi ba ne. Ya sa Sirajo ya bi da waya a hannu yadda ya yi a Jega, mutane suka ga juyin da komawa baya, waɗanda suka je fadama suka yi salati don sun gane tafiyar.

"Wanda ya tsige turakun ga, waya shika bi," in ji Buba. "Shi ya sa bai ga albasa ba, bai ga ƙaya ba. Isa ko lambar wayar matatai bai iya nema ba. Sirajo kuwa kun ga ƙafarshi, ba shi na ba."

"To wa na?" in ji Maigari.

Buba ya tsaya. Ya ba da lokaci, ya ƙara ba da lokaci, har mutane suka fara kallon juna. Bai waiwaya baya ba, amma duk jikinsa kunne ne, yana jiran murya ɗaya. A ransa yana roƙon Allah yaron ya tashi. Ba abin da ya ji sai numfashin Isa.

Sai ya sake share wurin. Ya taka da ƙafarsa ta hagu, ya ɗaga, ya ce wa Maigari ya zo ya duba ya tuna da abin da ke ƙarƙashin ƙwarya. Maigari ya duba, ya ɗago a firgice.

"Buba, wanga ai irin shi na. Kai...?"

"Ni ban iya waya ba, ranka shi daɗe. Amma wagga ƙafa ta gidanmu ta. Mu biyu muka rage da ita duniya." Sai a lokacin ya waiwaya baya. "Tawfiq, taho ka taka nan."

Samari suka dare. Tawfiq ya taho kamar ana jan sa da igiya, ya tsaya a bakin wurin da aka share. Bai taka ba. Ya durƙusa gaban Isa ya ce, "Ni na. Ka yahe mani, Kawu," ya fashe da kuka. Ya faɗi sauran a gaban kowa, tun daga tsohon hoto har ranar kasuwa.

Ba wanda ya yi ihu, ko 'ya'yan Ɗanasabe sandunansu suka sauke. Ɗanasabe ya daɗe yana kallon ƙanensa, sannan ya cire hularsa ya shiga yi masa fifita da ita, yana faɗa wai wane irin sakarai ne zai bari a rufe shi bai yi gardama ba. Kubura ta zo za ta durƙusa ta yi wa Buba godiya, da ta ga fuskarsa sai ta kasa, ta koma da baya.

Ɗan sandan ya saki Isa ya nufo Tawfiq. Buba ya tare shi.

"Bar shi, ɗana. Ba a ja mani shi gaban mutane. Ni zan kai shi, ka biyo mu."

Ɗan sandan ya kalli Maigari, Maigari ya gyaɗa kai. Tawfiq ya tayar da babur, sai a bugu na uku ya kama. Buba ya tattara rigarsa ya hau baya. Shi da ko a kan mugun gargada bai taɓa riƙe mai babur ba, yau sai ya zagaya hannuwansa biyu ya rungume cikin ɗansa, ya kwantar da goshinsa a bayansa.

"Baba," in ji Tawfiq, da suka hau titin Jega, "mi zan ce ma Zulaiha?"

"Ni zan gaya mata," in ji Buba. "Kai dai tafi sannu. Ba sauri muka yi ba."